Yadda zaka shiga Linux ba tare da ka yi asarar fayilolinka ba

Sati na na biyu a Linux na goge komai dake cikin foldar gidana da hannuna. Ba wanda ya min kutse, ba bairos, ni ne dai na zauna da daddare ina son share wata tsohuwar folda, na rubuta umarnin gogewa sai yatsana ya taɓa sandar tazara a inda bai kamata ba, tsakanin alamar gida da sunan foldar, na danna Enter ko dubawa ban yi ba. Kwamfutar ko tambaya ta bata yi ba, abinda na ce tayi shi tayi. Hotuna, takardun aiki, komai ya tafi. Shi yasa duk wanda ya ce min in koya masa Linux bana fara masa da jerin umarni, ina fara masa da abu uku ne, ka san inda kake tsaye, ka karanta abinda aka rubuta maka kafin ka ce eh, kuma ka tanadi hanyar komawa baya. Sauran duk zasu zo da kansu.

Ga wanda bai sani ba, Linux ɗin nan babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana Jami'ar Helsinki, kuma abinda ya rubuta zuciyar manhajar ce kawai, wadda ake kira kanel, ita ke magana da injin kwamfuta. Yawancin ƙananan kayan aikin da ake haɗa ta dasu daga shirin GNU suka fito wanda Richard Stallman ya sanar a 1983. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ma'ana kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba, shi yasa zaka ga kala kala, kowace ƙungiya ta haɗa nata ta sa masa suna. Su ake cewa distiro.

Mataki na farko, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai

Mutane suna ɓata watanni anan wallahi, yau wannan gobe wancan, kullum suna sake girkawa basu taɓa koyon komai ba. In sabo ne kai ɗauki Linux Mint ko Ubuntu. Mint yafi kama da Windows a ido, maɓallin menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, kuma a kan Ubuntu aka gina shi, Ubuntu kuma a kan Debian wanda yake nan tun 1993. Amfanin wannan dangantakar shine umarnin da ya yi aiki a ɗaya yawanci zai yi a sauran, kuma duk matsalar da ka shiga wani ya riga ka shiga ya rubuta maganinta. In Ubuntu ne ɗauki mai LTS a sunansa, shi ake fitarwa duk bayan shekara 2 a watan Afrilu, irinsu 22.04 da 24.04, kuma ana kula dashi shekara 5. Fedora ma yana da kyau amma duk kusan wata 6 sabo yake fitowa, saika kasance mai son bin sabon abu. Arch kam barshi tukuna.

In kwamfutar tsohuwa ce mai RAM kaɗan ɗauki Mint mai Xfce, wato wani tsarin fuskar allo, yafi sauƙin nauyi. Mutane da yawa ma abinda ya koro su kenan, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma Windows 11 yana ƙin shiga tsofaffin na'urori, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Mataki na biyu, kwashe kayanka kafin ka taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemo diski na waje ko babban filash ka kwafe duk abinda in ya ɓata zai dame ka, sannan ka buɗe wasu daga cikin fayilolin daga kan diskin ka tabbatar suna buɗuwa, saika zare shi ka ajiye nesa da kwamfutar. Kada ka manta da kalmomin sirrin da burauza ta haddace maka, da yawa sai bayan sun goge Windows suke tuna cewa su basu san kalmar sirrin imel ɗinsu ba, burauza ce ta sani. In kuma zaka bar Windows a gefe ne to duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle diski dashi, a kunne yake, in a kunne yake ka nemo lambar buɗe shi ka rubuta a takarda, sannan ka kashe abin nan da ake kira Fast Startup, domin shi baya barin Windows ya mutu gaba ɗaya, sai Linux ya kasa rubutu a ɓangarensa.

Mataki na uku, haɗa filash ka gwada kafin ka girka

Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da distiron gaba ɗaya, daga shafin masu distiron na asali, ba daga inda wani ya turo maka ba. A gefensa zaka ga wata doguwar lamba mai suna SHA256, ita ce kamar zanen yatsan fayil ɗin. A Windows buɗe wurin rubuta umarni a foldar da fayil ɗin yake ka rubuta

certutil -hashfile sunanfayil.iso SHA256

in lambar da ta fito tayi daidai da ta shafin to ya sauka cikakke, in ta saɓa ko da harafi ɗaya ne sake saukewa. Da yawa suna tsallake wannan sai girki ya tsaya musu a tsakiya suna zagin Linux.

Filash mai 8GB zuwa sama ya isa. Rufus ko balenaEtcher zasu rubuta maka ISO ɗin a kai, kuma zasu goge duk abinda ke cikin filash ɗin, a sani. Ni Ventoy nafi so, sau ɗaya zaka girka shi a filash daga nan kawai jefa fayilolin ISO zaka riƙa yi ciki kamar kowane fayil, in ka tashi kwamfuta ya jera maka su ka zaɓa. Kashe kwamfutar, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓin abinda zata tashi dashi, a Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9.

Zata tashi cikin Linux daga kan filash ba tare da ta taɓa diskinka ba, to anan zaka zauna ko na rabin awa ne. Haɗa waifai, kunna bidiyo kaji sauti, gwada kyamara, bulutut, maɓallan ƙara haske da ragewa, rufe murfin laftof ɗin ka buɗe kaga ko zata farka. Abinda bai yi aiki anan ba kada ka ɗauka zai gyaru da kansa bayan girki, nemi bayaninsa tukuna. In komai lafiya saika sa caji ka danna girka. Wuri ɗaya ne mai haɗari, inda zai tambaye ka ko ya goge diskin gaba ɗaya ko ya zauna kusa da Windows. Karanta shafin nan sau biyu. Sauran tambayoyin suna ne da yanki da kalmar sirri.

Mataki na huɗu, taminal

Wannan baƙin allon rubuta umarni da mutane ke tsoro. Ctrl da Alt da T suke buɗe shi a Mint da Ubuntu. Gaskiya zaka iya yin wata guda baka buɗe shi ba, akwai maɓallai na kusan komai yanzu, amma ranar da abu ya lalace duk amsar da zaka samu da umarni zata zo, saboda maɓallai sun bambanta daga distiro zuwa distiro amma umarni ɗaya ne. Gara ka saba dashi tun ana lafiya.

Fara da sanin inda kake. pwd zai faɗa maka foldar da kake ciki, ls ya nuna abinda ke ciki, cd da sunan folda ya shigar da kai, cd da ɗigo biyu ya dawo da kai baya taki ɗaya, cd shi kaɗai ya maida kai gida. A Linux babu C babu D, komai daga tushe ɗaya yake farawa, alamar / kenan. Naka yana /home/sunanka kuma a taƙaice ana rubuta shi da alamar ~, saitin na'ura yana /etc, rajistar abubuwan da suka faru tana /var/log, filash in ka sa a Mint ko Ubuntu zai bayyana a /media/sunanka. Waɗannan huɗun ka riƙe, sauran kada su dame ka yanzu.

Abu biyu da suke kada sabbin shiga. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya bane anan, Takarda.txt daban takarda.txt daban. Sannan tazara, taminal yana ɗaukar tazara a matsayin ƙarshen magana ɗaya da farkon wata, don haka in sunan folda yana da tazara a ciki sai ka sa shi cikin alamar zance, kamar cd "Aikin Ofis". Tazarar nan ce ta cinye min gida kamar yadda na faɗa, domin abinda na so rubutawa ~/tsofaffi ne, sai ya zama ~/ daban tsofaffi daban, wato na ce goge gidana gaba ɗaya sannan ka goge tsofaffi.

Maganin wannan maɓallin Tab ne, kuma in abu ɗaya zaka ɗauka daga wannan sashen shi ne. Rubuta haruffa biyu ko uku na farkon suna ka danna Tab, zai ƙarasa maka, in bai ƙarasa ba to ko babu abin ko kuma sunaye da yawa ne suka fara da haka, danna sau biyu ya jera su. Wanda ya saba da Tab baya kuskuren rubuta suna. Kibiyar sama tana dawo da umarnin da ka rubuta a baya, Ctrl da R kuma saika rubuta guntun kalma ya tono maka tsohon umarni ko na watan jiya ne. Ctrl da C anan ba kwafa bane, tsayar da abinda ke gudana yake yi, kwafa da liƙawa sai ka haɗa da Shift.

mkdir yana ƙirƙirar folda, cp kwafa, mv matsarwa kuma shi ne canza suna, cat ko less don karanta fayil, q ke fitar da kai daga less. Sai rm. Shi rm baya kai abu kwandon shara, gogewa yake ta har abada, in ka haɗa shi da -r har folda da duk abinda ke ƙarƙashinta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Dabarar da nake yi yanzu ita ce in fara rubuta umarnin da ls a madadin rm, in ga jerin abinda ya fito, in shi ne abinda nake nufi sai in danna kibiyar sama in canza ls ɗin kawai.

Yi atisaye a foldar wasa, ƙirƙiro ta, cika ta da fayilolin banza da umarnin touch, kwafa, matsar, goge, har hannunka ya saba. In ka ga umarnin da baka sani ba rubuta man da sunansa, ko sunan sannan --help, bayanin yana cikin kwamfutar taka ko babu intanet.

Akwai kuma sandar nan tsaye, |, wadda ke miƙa abinda umarni ɗaya ya fitar zuwa ga na biyu. Misali history | grep apt zai tace maka duk umarnin da ka taɓa rubutawa mai apt a ciki. Alamar > tana zuba sakamako a fayil amma tana share abinda ke ciki tun farko, >> ita ke ƙarawa a ƙasa, bambancin alama ɗaya ne kuma ya sa mutane kuka.

Mataki na biyar, sudo da izini

A Linux kai ba mai gida bane a ko'ina sai a foldarka. Duk abinda ya shafi na'urar gaba ɗaya sai ka sa sudo a gaban umarnin ka bada kalmar sirri, kuma a distiro da yawa ba zaka ga komai yana fitowa ba lokacin da kake rubuta ta, ko tauraro, ba lalacewa kibod yayi ba, rubuta kawai ka danna Enter. Matsalar ita ce mutum da zarar ya ga an ce masa ba shi da izini sai ya maƙala sudo ya wuce, har ya zama ɗabi'a. Hanawar nan kariya ce. Tsaya ka tambayi kanka me yasa aka hana ni, sau da yawa zaka ga kai ne kake ƙoƙarin rubutu a wurin da ba naka ba.

Rubuta ls -l zaka ga wasu haruffa a farkon kowane layi, r karantawa, w rubutawa, x gudanarwa, sun zo kashi uku, na mai fayil, na ƙungiyarsa, na sauran kowa. In da lamba ake so r 4 ne, w 2, x 1, sai a tara, shi yasa 644 ke nufin mai shi ya karanta ya rubuta sauran su karanta kawai, 755 kuma mai shi ya yi komai sauran su karanta su gudanar. Duk wanda ya ce maka ka yi chmod 777 don matsala ta tafi to ƙofa ya ce ka cire don makulli yana maka wuya. In fayilolin foldarka ne suka koma hannun root, wato asusun mai cikakken iko a na'urar, saboda ka taɓa su da sudo, chown ne maganin, ya dawo maka da mallakarsu.

Don gyara fayil ɗin saiti yi amfani da nano, Ctrl da O ajiyewa, Ctrl da X fita, kuma an rubuta su a ƙasan allon ma. Kafin ka taɓa komai a /etc yi masa kwafi da cp ka ƙara .bak a ƙarshen sunan. In ka tsinci kanka cikin vim, wata manhajar gyara rubutu, baka san yadda aka yi ba, danna Esc ka rubuta :q! ka fita, kowa ya taɓa maƙalewa a ciki.

Mataki na shida, yadda ake sa manhaja

Manta da ɗabi'ar shiga shafi a sauko da fayil a danna Next Next. Kowane distiro yana da rumbunsa na manhajoji da masu shi suka duba, daga nan ake ɗauka, ko ta shagon manhajoji mai hotuna ko ta taminal. A dangin Debian

sudo apt update

sudo apt upgrade

na farkon babu abinda yake sabuntawa, jerin abinda ke rumbu kawai yake saukowa dashi, na biyun ne ke yin aikin. Kuma ba iya na'urar ba, har burauza da duk manhajar da ka sa ta rumbun lokaci ɗaya, wannan yana cikin abinda yasa na kasa komawa. apt search don nema, sudo apt install don sawa, sudo apt remove don cirewa. A Fedora dnf ne, a Arch pacman.

To ga inda karatu ke da rana. Kafin apt ya yi aiki yana jera maka abinda zai sa da abinda zai cire sannan ya tambaya. Duba sashen cirewar. In ka ce a cire ƙaramar manhaja ɗaya sai ka ga layi ashirin na abubuwa zasu bi ta, har da sunan tebur ɗin, wato fuskar allon da kake amfani da ita, irin cinnamon ko gnome, ce a'a. In kuma wuta ta ɗauke ko ka rufe taminal ana tsakiyar girki, sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt --fix-broken install su ke ɗinke abin galibi.

In manhajar rumbu ta tsufa ko babu ita duba Flatpak, rumbunsa Flathub, yana aiki a kusan kowane distiro kuma Mint da shi yake zuwa, sai dai yana cin wuri. Ubuntu nasu Snap ne. Abinda zan hana ka shine ƙara rumbunan mutane barkatai, da kuma irin umarnin nan da ke sauko da rubutu daga intanet ya miƙa shi kai tsaye ga bash, mai gudanar da umarni a taminal, da sudo, wato ka ba wanda baka sani ba makullin gidan gaba ɗaya. Akwai manyan manhajoji na ƙwarai da haka suke cewa a sa su, amma ko su ka tabbatar daga shafinsu na asali ka kwafo.

Na yau da kullum ba wuya, LibreOffice na rubutu da lissafi, Firefox ko Chrome, VLC, GIMP na hoto, Inkscape na zane, Kdenlive na yanka bidiyo. Ba zan ɓoye maka ba, Photoshop da Microsoft Office na kan tebur basu da na Linux, kuma takardar Word mai ado da yawa takan ɗan goce a LibreOffice musamman in babu irin rubutun da aka yi ta dashi, don haka in ba gyara za ayi ba tura ta a PDF. In cin abincinka ya dogara da ɗaya daga cikin waɗancan bar Windows a gefe ko ka sa shi cikin VirtualBox, manhajar da ke tada Windows a cikin Linux.

Mataki na bakwai, hanyar komawa baya

Kashi biyu ce kuma mutane suna haɗa su. Timeshift, wanda Mint ke zuwa dashi, yana ɗaukar hoton na'urar yadda take, in sabuntawa ta ɓata abu ka koma jiya cikin mintuna. Kunna shi tun ranar farko. Amma a yadda ya zo baya ajiye takardunka da hotunanka, na'ura kawai yake karewa, kuma in a diski ɗaya hoton yake to ranar da diskin ya mutu tare zasu tafi. Naka fayilolin sai ka kai su wani wuri dabam, Déjà Dup yana yi da maɓallai, ni rsync nake amfani dashi

rsync -av --dry-run ~/Documents /media/sunanka/diski/ajiya

wannan --dry-run ɗin gwaji ne, zai nuna abinda zai yi ba tare da ya yi ba, in ka gamsu ka cire shi ka sake. Daɗinsa karo na biyu abinda ya canza kawai yake kwafa. Kula da abu biyu, inda ake ɗauka shi ke fara zuwa sannan inda ake kaiwa, in ka juya su kuma da --delete a ciki, wanda ke goge duk abinda babu shi a inda ake ɗauka, tsohon kwafi ne zai cinye sabo. Sannan alamar / a ƙarshen Documents tana canza ma'ana, da ita kayan ciki kawai zai kwafa, babu ita har foldar kanta. Lokaci lokaci ɗauko fayil ɗaya daga ajiyar ka buɗe.

Mataki na takwas, ranar da abu ya lalace

Zai lalace, kowace na'ura tana yi. Abu na farko karanta saƙon kuskuren har ƙarshe, sau tari amsar tana layin ƙarshe. Na biyu tuna abinda ka yi na ƙarshe kafin ya lalace, history zai tuna maka. Na uku df -h, domin diski in ya cika Linux yana yin abubuwan mamaki har ya ƙi barinka ka shiga, sudo apt clean da sudo journalctl --vacuum-size=200M zasu samo maka ɗan fili. free -h na RAM ne, htop zai nuna maka wanda ke shan ƙarfin na'urar ka kashe shi daga nan, lsblk ya jera diskoki.

journalctl -b -p err yana fito da kurakuran wannan tashin, in ka rubuta -b -1 na tashin baya ne, wanda shi kake buƙata in kwamfutar ta daskare ka kashe ta da ƙarfi. systemctl status da sunan hidima, misali NetworkManager, zai faɗa maka ko tana raye. In allo ya daskare gwada Ctrl da Alt da F3, zai kai ka taminal mara hoto, shiga da sunanka ka rubuta sudo reboot, yafi danne maɓallin wuta. In kuma bayan sabunta kanel ne waifai ko allo ya rikice, lokacin tashi riƙe Shift ko ka danna Esc menu na GRUB, mai zaɓin abinda kwamfuta zata tashi dashi, ya fito, shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel, ana barinsa ne don irin wannan ranar. Mai katin hoto na Nvidia ya sa direbansa ta Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu, kada ya je saukowa da hannu.

In zaka nemi taimako kada ka rubuta baya aiki kawai, ba wanda zai kula ka. Faɗi distiro da lambarsa, abinda ka yi, abinda ka zata, abinda ya faru, ka liƙa saƙon kuskuren a rubuce ba hoton waya ba, ka haɗa da sakamakon inxi -Fxz, shi z ɗin yana ɓoye bayanan sirri. Amsar da ka samu kuma duba shekararta, gyaran 2014 zai iya zama ɓarna yau, kuma kowane layi ka duba shi da man kafin ka gudanar, musamman in ka ga rm ko dd ko mkfs a ciki, dd harafi ɗaya zaka kuskure a sunan diski ya shafe wanda ba shi ba.

'Yan ƙananan da suka rage. sudo ufw enable yana kunna katangar tsaro, amma in kwamfutar nesa ce kake shiga ta ssh, hanyar shiga taminal ɗin wata kwamfuta daga nesa, fara da sudo ufw allow ssh in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Masu Windows da Linux tare zasu ga agogo yana rikicewa duk sanda suka sauya, saboda Linux yana ajiye agogon inji a UTC shi kuma Windows a lokacin gari, timedatectl set-local-rtc 1 yana sasanta su duk da zai ɗan yi gargaɗi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, shiga saitin kibod ka ƙara tsarin Hausa, yana cikin jerin, ko a yawancin manhajoji ka danna Ctrl da Shift da U ka rubuta 199 ka danna Enter ƙ ta fito, 257 ɗ, 253 ɓ.

Shi kuma rm ɗin, a foldar gidana na daina amfani dashi tun wancan daren, gio trash nake rubutawa da sunan fayil, ya tafi kwandon shara ya jira ni can sai ƙarshen wata in duba in zubar.